Ƙarin da aka gano kafin zuwan hoton ƙashi

Ranar 9 ga Yuni, 1887, a birnin Landan, likitan fiɗa Victor Horsley ya tsaga bayan wani kyaftin na soja mai shekara 42, yana neman ƙarin da babu idon da ya taɓa gani. Mutumin ya yi shekara uku yana fama da ciwo mai ɗaure ƙirji kamar an ja masa igiya, daga baya ƙafafunsa suka shanye, fitsari ya ƙi fita. Hoton ƙashi bai zo ba sai 1895. Abin da William Gowers, likitan jijiyoyi, ya dogara da shi kawai shi ne tambaya da taɓawa: ya bi fatar majinyacin har ya gano iyakar inda ji ya ɗauke, ya ce wani abu ne ke danne laka a daidai wurin. Wannan lissafin, a ganina, shi ne ginshiƙin gano irin wannan ƙari har gobe.

Mai musu zai ce sa'a ce kawai, kuma yana da abin kamawa, domin Horsley ya buɗe hanyar laka bai ga komai ba, har ya kusa rufewa. Mataimakinsa Charles Ballance ne ya nace a ƙara hawa sama, sai ga ƙarin a maƙale, aka cire shi, kyaftin ya miƙe da ƙafafunsa. Amma nacin Ballance ba canki-canki ba ne. Jijiya kan tsiro daga laka a sama, ta gangaro kafin ta fito tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, don haka tushen cuta yakan zauna sama da inda jiki ke nunawa. Kuskuren na taswira ne, kuma ilimin taswirar ne ya gyara shi.

Wani kuma zai ce na'urori sun shafe wannan zamani. A 1921 likitoci Sicard da Forestier a Faransa sun fara zuba mai mai sinadarin aidin a hanyar laka domin a ga inda ta toshe a hoton ƙashi, sannan na'urar MRI ta bazu a shekarun 1980. Sai dai na'ura tana haska inda aka nuna mata ne. Ƙarin kodoma, wanda ke kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan a shekara, yakan ɓuya a ƙashin gindi ya daɗe ana ce masa ciwon baya, saboda hoton ya tsaya a ƙugu bai sauka ƙasa ba.