Addu'a da Allura a Bakin Gadon Yaro Mai Ciwon Sukari

Kafin 1922, iyayen da likita ya shaida wa cewa ɗansu na da ciwon sukari sun san magana ta ƙare. A irin wanda ke kama yara, jiki ne ke daina samar da sinadarin insulin. Yaro ya yi ta kwankwaɗar ruwa ba ya ƙoshi, fitsari dare da rana, ya rame ya lalace, sai amai da nishi, numfashinsa na ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna lugub, daga nan sai doguwar suma. Iyakar dabarar likitoci ita ce ta Dokta Frederick Allen na Amurka: a takure wa yaro abinci har ya kusa mutuwa da yunwa, ko ya ƙara 'yan watanni a duniya. Uwar da ta durƙusa tana addu'a a wancan zamani ta yi iyakar abin da ɗan Adam zai iya, ba mai ce mata ta yi sakaci.

A Toronto ta Kanada abin ya juya. Frederick Banting da Charles Best sun gwada insulin a jikin karnuka a 1921. Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar farko, ba ta yi wani tasiri ba. James Collip ya sake tace maganin, aka maimaita ranar 23 ga watan, yaro ya farfaɗo, ya rayu har 1935. Cikin waɗanda suka garzaya Toronto har da iyalin Charles Evans Hughes, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ɗan faston cocin Baptis. 'Yarsa Elizabeth ta isa wurin Banting a watan Agusta tana dab da cika shekara 15, nauyinta bai wuce kilo 20 da ɗoriya ba. Ta yi aure, ta haihu, sai a 1981 ta rasu. Gida ne na addini, kuma addinin bai hana su neman magani ba. Abin da nake so a lura da shi ke nan: zuwan insulin bai rage darajar addu'a ba, ya dai sauya nauyin da ke wuyan mai yin ta. Tun da aka samu abin yi, barinsa ya zama zaɓi, zaɓi kuwa ana tuhumar mutum a kansa.

Dokar Amurka ta daɗe tana kai-kawo kan wannan. A 1944 Kotun Ƙoli ta ce baligi na iya sadaukar da ransa don aƙidarsa, amma ba shi da ikon sadaukar da na yaro. Duk da haka a 1974 gwamnatin tarayya ta gindaya wa jihohi sharaɗin sassauta wa iyayen da ke jinya da addu'a zalla kafin su samu tallafin kare yara. An janye sharaɗin a 1983, jihohi da dama suka bar sassaucin a dokokinsu. A 2008 wata 'yar shekara 11 ta mutu a Wisconsin, iyayenta na addu'a a kanta ba su kira likita ba. Kotu ta same su da laifin kisa ta hanyar ganganci. A Janairun 2022, shekara 100 cif da allurar Thompson, wata 'yar shekara 8 ta mutu a Toowoomba ta Ostireliya bayan an daina yi mata allurarta ta insulin, 'yan ƙungiyar addinin iyayenta na zagaye da ita suna waƙa. An samu mutum 14 da laifi a 2025.

Wani zai ce ai Allah ke warkarwa, kuma ajali idan ya zo ba makawa. Haka ne, sai dai mai faɗin haka bai taɓa barin cin tuwo don ya dogara ga Allah ba, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna ya yi tawakkali. Wani kuma zai ce hukuma ba ta da hurumin shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa. Da ran uban ne a kan gadon da sai a saurare shi. Yarinyar Toowoomba ba a nemi shawararta ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na talauci. Waɗanda suka gano insulin sun miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu, amma har gobe akwai uwar da ke komawa ga tofi da rubutun sha don kuɗin allura ya gagare ta, ko babu wutar da za a sanyaya maganin. Wannan ba ta ƙi magani ba, maganin ne ya ƙi ta, kuma laifin na hukuma ne da masu tsadar farashi. Zalunci ne a haɗa ta da wanda allura ke gidansa ya hana. Ga mai hali kuwa, idan yaro ya fara ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a kai shi asibiti a auna sukarinsa a ranar, a yi addu'ar a kan hanya.