Ƙaura Saboda Waya: Amurkawa, iPhone da Igiyar Kamfanonin Sadarwa

Ga wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, waya daban, layi daban. Mutum zai shiga kasuwa ya sayi wayar da aljihunsa ya iya ɗauka, ya nemi sim ɗin kamfanin da ya fi sabis a unguwarsu ya saka mata, idan gobe sabis ɗin ya lalace ya zare ya sa wani. Don haka zai yi mamaki in ya ji cewa an yi wani zamani, ba da nisa ba, da ɗimbin Amurkawa suka rabu da kamfanonin sadarwar da suka shekara da shekaru tare da su, wasu har da biyan tara, don kawai su mallaki wata waya guda. Hakan ya faru ne tsakanin 2007 da 2011, lokacin da kamfanin AT&T kaɗai ke da izinin ɗora iPhone a kan layinsa a ƙasar. Wanda ya dubi wannan yarjejeniya sama-sama zai ɗauka ita ce ƙololuwar ƙarfin kamfanonin sadarwa. A nawa nazarin, daga kanta ne igiyar da suka daɗe suna ɗaure masu waya da ita ta fara warwarewa.

Igiyar tsohuwa ce. Tun zamanin wayar tarho ta girke, tsohon kamfanin AT&T, wanda ake kira gidan Bell, shi ke da layi, shi ke da kan wayar da ke ajiye a falon mutum. Haya ake biya duk wata, kuma haramun ne a jona wa layin wata na'ura da ba ta kamfanin ba. Sai a 1968 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke hukunci a ƙarar wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter, wanda ya ƙera na'urar da ke haɗa tarho da rediyon oba-oba, ta ce kowa na iya jona abin da ya ga dama muddin ba zai cutar da layin ba. A farkon 1984 aka rarraba gidan Bell zuwa kamfanoni bakwai na shiyya-shiyya. To amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga cikin 'ya'yan gidan ne aka sake haɗa manyan kamfanonin salula biyu da za su yi kokawa a kan iPhone: Verizon, wanda ya fito daga Bell Atlantic a 2000, da kuma Cingular, wanda ya koma amsa sunan AT&T a 2007. Sun gaji halin gidansu, hukuncin 1968 kuwa bai bi su zuwa wayar hannu ba.

Tsarin da suka kafa mai sauƙin fahimta ne. Kamfani zai sayi waya daga maƙera irin su Nokia ko Motorola, ya buga mata tambarinsa, ya cire abin da bai so a cikinta, ya kulle ta yadda ba za ta karɓi layin wani ba, sannan ya miƙa wa mai saye a kan farashi mai rahusa ko ma kyauta. Ladan wannan rangwame shi ne kwantiragin shekara biyu. Wanda ya fice kafin wa'adi ya cika, tarar da ta kai dala 175 ke jiransa. Ga kuma wata katanga ta fasaha: a wancan lokaci Verizon da Sprint suna aiki da tsarin CDMA, wanda wayoyinsa ba su da gurbin sim, AT&T da T-Mobile kuwa suna kan GSM irin namu. Ko an buɗe wayar wannan ɓangare, ba za ta yi aiki a wancan ba. A irin wannan kasuwa, layi ake fara zaɓa, sannan a karɓi wayar da aka tarar a shagon kamfanin.

Wani shinge guda ya riga ya faɗi kafin zuwan iPhone, kuma masu ba da wannan labari sukan tsallake shi. A ranar 24 ga Nuwamba 2003 dokar FCC ta fara aiki a manyan birane, wadda ta ba mutum damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Kafin nan, barin kamfani na nufin barin lambar da dangi da abokan hulɗa suka sani. Ba don wannan doka ba, da wuya kwaɗayin kowace irin waya ya iya tayar da jama'a da yawa daga inda suke zaune.

Ranar 9 ga Janairu 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone a San Francisco, ya kuma gayyato shugaban Cingular, Stan Sigman, bisa dandamali. Abin da Sigman ya amince da shi, tun kafin ya ga wayar da idonsa, babu wani kamfanin sadarwa na Amurka da ya taɓa yarda da irinsa. Babu tambarin kamfanin a jikin wayar. Apple ne ke da ta cewa a kan manhajar da ke cikinta da yadda za a tallata ta. Mai saye zai kunna layinsa a gida ta manhajar iTunes, ba sai ma'aikacin shago ya taɓa ta ba. An kuma ruwaito cewa Apple na karɓar wani kaso daga kuɗin da mai layi ke biya duk wata. Verizon, wanda shi ma aka tuntuɓa, ya ga sharuɗɗan sun yi tsauri ya janye. Abin da Cingular ya samu a madadin duk wannan sassauci shi ne keɓancewa: duk Ba'amurken da ke son wayar, dole ya biyo ta ƙofarsa.

An fara sayar da ita ranar 29 ga Yuni 2007, a kan dala 499 da 599, kuma duk da wannan tsada sai an sa hannu a kwantiragin shekara biyu. Cikin kwana 74 an sayar da miliyan ɗaya. Ƙaura ta gaske ta kankama ne a Yulin 2008, da aka fito da iPhone 3G a kan dala 199, AT&T na cike gibin farashin daga aljihunsa. A watanni uku na farko kamfanin ya ba da sanarwar kunna guda miliyan 2.4, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na masu su sababbin zuwa ne. Wannan adadi shi ne zuciyar labarin. Mutane kusan miliyan ɗaya cikin wata uku sun shigo wani kamfani saboda abin da ke kan kantarsa, ba tare da sun damu da ingancin layinsa ba.

Akwai waɗanda suka ƙi ƙaura, suka ce wayar ce za ta zo inda suke. A Agustan 2007 wani yaro ɗan shekara 17 daga jihar New Jersey, George Hotz, ya buɗe cikin iPhone da ƙarfen gyaran lantarki ya sa ta karɓi sim ɗin T-Mobile. Ba a daɗe ba aka samu manhajojin da ke yin wannan aiki ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2007 Apple ya sayar da wayoyi kimanin miliyan 3.7, amma waɗanda aka kunna a layin AT&T ba su wuce miliyan biyu ba. Wasu an sayar da su a Turai, wasu suna cikin shaguna, sauran kuwa sun bi jakunkunan matafiya zuwa ƙasashen da Apple bai ko fara ciniki a cikinsu ba.

Waɗanda suka yi ƙaurar ba duka suka ji daɗin masauki ba. Masu iPhone sun riƙa shan data fiye da duk abin da injiniyoyin kamfanin suka yi hasashe, layi ya cunkushe, kira na yankewa ana tsakiyar magana. A Disambar 2009 shugaban sashen salula na AT&T, Ralph de la Vega, ya amsa cewa sabis a New York da San Francisco bai kai yadda ya kamata ba, ya kuma ce kashi 3 cikin ɗari na masu wayoyin komai-da-ruwanka ne ke cinye kashi 40 na datar. A Yunin 2010 kamfanin ya daina sayar wa sababbin masu layi data marar iyaka, ya kuma ɗaga tarar ficewa zuwa dala 325. Verizon, wanda ya riga ya kai tasa tarar dala 350, ya rungumi Android, ya fito da Motorola Droid a Nuwambar 2009, yana tallata taswirar da ke nuna faɗin sabis ɗinsa kusa da na abokin hamayyarsa, abin da ya kai su gaban alƙali. Ba ƙaramin abu ba ne a lura cewa bunƙasar Android a Amurka ta samo ƙarfi daga wannan keɓancewa: kamfanonin da aka hana iPhone dole suka nemi abin da za su tare jama'arsu da shi.

A wasu ƙasashen hukuma ba ta jira kasuwa ba. A Faransa, hukumar kula da gasar kasuwanci ta dakatar da keɓancewar da Orange ya samu tun a Disambar 2008. A Birtaniya O2 ya riƙe wayar shi kaɗai daga Nuwambar 2007 zuwa ƙarshen 2009. Japan ce ta fi nuna ƙarfin abin: SoftBank ya fara sayar da ita a 2008, babban kamfanin ƙasar kuwa, NTT Docomo, ya yi ta taurin kai yana kallon masu layinsa na zarewa da lambobinsu, har ya sallama a Satumbar 2013.

A Amurka keɓancewar ta ƙare ranar 10 ga Fabrairu 2011, da Verizon ya fara sayar da iPhone 4. Masu sharhi sun yi ta hasashen cewa jama'a za su yi tururuwar barin AT&T. Ba a ga tururuwar ba. A watanni ukun farko na shekarar Verizon ya kunna miliyan 2.2, AT&T kuwa miliyan 3.6. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun a bazarar 2010 AT&T ya ba masu layinsa damar karɓar iPhone 4 a kan rangwame kafin wa'adinsu ya cika, suka sa hannu a sabon kwantiragi, ƙofa ta buɗe suna ɗaure. Da yawa kuma suna cikin tsarin iyali, inda layin miji da na mata da na 'ya'ya ke kan takardar biya ɗaya, fitar mutum guda sai ta tayar da gida duka. Wayar Verizon ɗin ma tana da nata naƙasu, domin ba a iya kira da shiga intanet a lokaci ɗaya a kanta.

Duk da haka, abin da ya karye ya karye. Da Sprint ya samu wayar a Oktoban 2011, T-Mobile kuma a Afrilun 2013, babu sauran kamfanin da zai ce a zo gare shi don iPhone. Mai saye ya riga ya koyi fara zaɓen waya, sannan ya tambayi wane layi ne zai yi mata hidima da sauƙi. T-Mobile, ƙaramin cikin manyan huɗu a lokacin, shi ya fara karanta wannan sauyi. A Maris 2013, ƙarƙashin John Legere, ya soke kwantiragin shekara biyu, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi, a Janairun 2014 kuma ya yi tayin biya wa duk mai son dawowa gare shi tarar da tsohon kamfaninsa zai ci shi. A ranar 1 ga Agusta 2014 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum buɗe wayarsa, bayan wata takardar koke da mutane fiye da dubu ɗari suka rattaba wa hannu. Verizon ya bar tsarin kwantiragi a 2015, AT&T ya bi sahu a farkon 2016.

Ba za a ce igiyar ta ɓace ɗungurungum ba. Ta koma biyan kuɗin waya kaɗan-kaɗan na wata 24 ko 36, da rangwamen da ke tsayawa ranar da mutum ya sauya kamfani. Sai dai yanzu farashin wayar a rubuce yake a fili, mai saye ya san bashin da ke kansa da ranar da zai ƙare, saɓanin da, lokacin da kuɗin ke ɓoye cikin takardar wata-wata har bayan an gama biyansa.

Nijeriya ba ta bi ta wannan hanya ba. Tun da GSM ya shigo a 2001, katin waya ake saya a loda, babu kwantiragi, babu wayar rangwame, kuma wayoyi masu sim biyu irin na Tecno sun sa riƙe layi biyu ko uku ya zama ruwan dare tun kafin hukumar NCC ta ƙaddamar da sauya kamfani da lamba ɗaya a Afrilun 2013. Inda tarihin Amurka ya taɓo mu shi ne kasuwar wayoyin hannu-na-biyu. Cikin iPhone ɗin da ake shigowa da su kasuwanni irin su Farm Centre a Kano akwai waɗanda har yanzu ke kulle da sunan wani kamfanin Amurka, farashinsu bai kai na buɗaɗɗu ba, kuma sai mai gyara ya shimfiɗa wani siririn faranti ƙarƙashin sim kafin su yarda su karɓi layin gida.