Daga injin ban-ruwa zuwa injin jirgi: tarihin sana'armu da ciwon mutuwa a giya

Toranke garin noma ne. Babban ruwan da mutanen Ajingi da Gaya suka sani shi ne kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, kuma masu fito a kansa da gwangwala da filafili suke aiki. Saboda haka mu makanikan wannan yanki babu wanda ya fara koyon aiki a kan injin jirgi. Babur ne ya raine mu, Yamaha da Suzuki na da, masu shan fetur da baƙin mai tare suna tafe suna hayaƙi. Daga baya, a shekarun 1980, hukumar bunƙasa noma ta Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin fadama, shirin Fadama na ƙasa ya ƙara yawansu a shekarun 1990, sai kowane ƙauye ya samu yaron da ya iya kwance kafireta ya mayar. Waɗannan yaran ne cin rani ya kai Baga da Doron Baga a bakin Tafkin Chadi, wasu kuma Yawuri, inda madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tara ruwa.

A can muka tarar da injin da ake rataya wa jirgi a baya. Ba sabon abu ba ne a duniya: Ole Evinrude ya fara ƙera nasa a Amurka tun 1909, Yamaha ta shigo harkar a 1960. Amma wanda ya mamaye ruwanmu shi ne Yamaha Enduro, musamman mai ƙarfin doki 40, wanda aka yi domin masunta da masu lodi. Da igiya ake tayar da shi, ba ya neman batir, ana haɗa masa baƙin mai kashi 1 cikin fetur kashi 50. Cikinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya saba da babur. Ƙasansa, inda giya da farfela suke, shi ne sabon karatu.

Ƙorafin da ya fi kawo mana matuƙa tun wancan lokaci har yau guda ne: "Oga, yana tashi lafiya lau, amma da na sa giya sai ya mutu." Kusan kowa giyar yake zargi, kuma akasari ba ta da laifi. Injin jirgi ba shi da kulocin da ake saki a hankali kamar na mota. Haƙora ne suke kamawa nan take, sai nauyin juya farfela cikin ruwa ya faɗo wa injin gaba ɗaya, a daidai lokacin da yake sulo, wato lokacin da ƙarfinsa ya fi ƙanƙanta. Injin da ke da lafiya zai ɗan rusuna ya miƙe. Wanda ke da ɓoyayyen rauni a nan asirinsa yake tonuwa.

Akwai abin da makaniken babur ba zai gane ba sai ya zauna bakin ruwa. Hayaƙin wannan injin ta tsakiyar farfela yake fita, a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma yana tura shi baya. In ka daidaita sulo a bakin shago, farfela na juyi a banza, zai yi maka daɗin ji, a kai shi tafki ya ba ka kunya. Shi ya sa maigidan da ya koya mini aiki ba ya karɓar kuɗin kowa sai an ɗaure jirgi a gaɓa, an sa giya gaba, an sa baya, injin yana numfashi yadda ya kamata.

Alamar ciwon ba ta canja ba, amma sanadinsa ya yi ta sauyawa da zamani. A farko, farfela muke fara dubawa. Bayan farin 1973 da na 1984 tafkin ya ja baya, ya bar hanyoyi masu ciyawa, ga ragar kalli ta roba ko'ina. Zaren raga ya naɗe sandar farfela ya shaƙe ta, in ya daɗe ya cinye robar da ke tare ruwa, man giya ya koma fari kamar kunun gyaɗa. A dausayin Haɗeja da Nguru kacalla ce ke yin wannan ɓarnar.

Sai zamanin jarka. Tsibiri ba shi da gidan mai, fetur daga hannun 'yan bumburutu yake zuwa, wani da kananzir, wani da ruwa, wani da tsatsar duro. Ƙofar kafireta da ke ba injin mai a sulo ba ta fi bakin allura ba, ƙwayar datti ɗaya ta ishe ta. Babbar ƙofar kuwa tana nan a buɗe, shi ya sa mai jirgi zai rantse maka injinsa na gudu kamar sabo. Gaskiya ya faɗa, ba a gudun matsalar take ba. Abin da nake ƙi a sana'armu shi ne masu zura waya su buɗe ƙaramar ƙofar nan: yau injin ya tashi, gobe ramin ya faɗaɗa, fulogi ya yi ta baƙi. Wanki da fetur mai tsabta da hurawa da iska sun wadatar. Gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya tuna wa mutanen birni abin da mu muka daɗe muna gani.

Harin da aka kai Baga a Janairun 2015, da hana kamun kifi da ya biyo bayan rikicin yankin, suka watsa makanikan tafki. Wasu suka dawo gida suka koma wa injin ban-ruwa da janareto, wasu suka nemi ruwan Tiga da Bagwai da Yawuri.

Sanadin da ya fi yawa yanzu aljihu ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, matuƙa suka koyi taɓa sukurun sulo da kansu, suna rage shi don kada injin ya sha mai yayin jiran fasinja. Ɗan abin da ake ragewa bai kai a yi magana ba, amma injin ya rasa abin da zai tari nauyin farfela da shi. Wasu kuma baƙin man suke ragewa, ko su zuba na mota. Wannan ya fi muni, domin ringi da fistin ne ke cinyewa, matsin cikin injin ya ragu, kuma injin da matsinsa ya tafi babu daidaitawar da za ta hana shi mutuwa a giya. Dabarar da ake yi ita ce a ja wuta sama sannan a buga giya da ƙarfi. Jirgi zai tafi, haƙoran giya su goge, sai mai jirgi ya dawo da ciwon da ya yi zargi tun farko, wannan karon na gaske.

Yaran da nake koya wa aiki, daga mai arha nake sa su fara: a ɗaga injin a duba farfela, a tabbata ƙofar iskar tanki a buɗe take, a matsa robar tura mai a ji ta yi tauri, a cire fulogi a karanta launinsa, sannan kafireta, sannan a gwada matsi. Ba a kwance giya sai duk waɗannan sun wanke kansu. Sababbin injina masu kwamfuta, waɗanda ba su da kafireta, sun fara bayyana a jiragen hukuma, kuma su na'ura ake jona musu ta faɗi inda ciwon yake. Masu lodi da masunta dai har yanzu tsohon Enduro suke nema, ko na hannu ne, saboda kayan gyaransa na kasuwa kuma yaron shago zai iya tayar da shi a tsibiri da sifana biyu da sukurdireba.