Zaɓen Jita Mai Tsada: Tarihin Sunaye Uku da Baƙin Itacen Kamaru

Duk wanda ya shiga babban shagon kayan kiɗa a Amurka ko Turai da niyyar sayen jitar katako ta alfarma, wato wadda take amo da kanta ba sai an jona mata lantarki ba, sunaye uku zai fi cin karo da su a jikin bango: Martin, Gibson da Taylor. Farashin manyansu yakan tashi daga dala 3,000 har ya haura 10,000. Makaɗa sukan shafe watanni suna gardama a kan wadda ta fi. Gardamar nan tana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma wani reshe na tarihin ya ratsa ta dazuzzukan kudancin Kamaru. Wanda ya san tarihin zai gane abin da yake biya wa kuɗi, da abin da daji yake biya a madadinsa.

Bari mu fara da ƙirar jitar kanta. Wanda ya san molo ko garaya ya san cewa fatar da aka rufe ƙoƙon da ita ce take ɗaukar girgizar tsirkiya ta mayar da ita amo. A jita, siririn katakon fuska ne yake wannan aiki. Kaurinsa bai wuce milimita uku ba, amma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70. In an yi shi da kauri, amo ya mutu. In an yi shi da siranta fiye da kima, ya kumbura ko ya tsage. Don haka ake manna masa ƙananan sanduna ta ciki, kamar haƙarƙari, su riƙe shi ba tare da sun shaƙe masa murya ba. Gwanintar maƙeran jita kusan duk a wannan ma'auni take.

Tsohon gida a wannan sana'a shi ne na Christian Frederick Martin, wanda aka haifa a 1796 a garin Markneukirchen na ƙasar Jamus. A garinsu an daɗe ana jayayya tsakanin ƙungiyar masu ƙera gogen Turawa da ta kafintoci a kan wa ke da haƙƙin ƙera jita. Martin ya tattara iyalinsa ya tafi Niyok a 1833, daga baya ya koma ƙaramin garin Nazarat na jihar Fensilbaniya, inda kamfanin yake har yau a hannun zuriyarsa. A shekarun 1840 ya rungumi tsarin gitta sandunan ciki biyu su haɗu a tsakiya, su yi siffar harafin X. A zamaninsa da hanjin dabba ake yin tsirkiya, don haka ba a ga cikakken amfanin tsarin ba sai a shekarun 1920, lokacin da makaɗa suka koma ga tsirkiyar ƙarfe don neman ƙara. Sai ga shi tsarin da aka ƙirƙiro shekara tamanin baya shi ne ya iya ɗaukar nauyin.

A 1916 kamfanin Martin ya ƙera wa wani kamfanin sayar da kayan kiɗa mai suna Ditson wata jita mai faɗin ciki, aka laƙaba mata Dreadnought, sunan ƙaton jirgin ruwan yaƙin Ingila na 1906. Da farko ba ta yi kasuwa ba. A 1931 Martin ya fara fitar da ita da sunansa, daga nan aka samu D-18 mai bayan mahogani da D-28 mai bayan rozwud. Mawaƙan karkarar Amurka, waɗanda suke kiɗa cikin taro gaban makirfo guda, sun so ta saboda kaurin muryarta. A 1933 aka ƙera wa mawaƙi Gene Autry ta farko a cikin D-45, mai ado da ɓawon kifin teku. Guda 91 kacal aka yi kafin yaƙi ya tsayar da aikin a 1942, kuma kowace ɗaya a yau tana kaiwa dala dubu ɗaruruwa.

Gida na biyu shi ne Gibson, wanda aka kafa a 1902 a garin Kalamazu na jihar Mishigan, a kan aikin wani maƙeri mai suna Orville Gibson. A 1937 suka fitar da ƙatuwar SJ-200, a 1942 kuma J-45, wadda ta samo sunanta daga farashinta na dala 45. An fara ƙera ta ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, maza sun tafi fagen daga, mata ne suka riƙe yawancin aikin masana'antar. Jitocin da hannun matan nan ya ƙera suna cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema a yau. Tsawon tsirkiyar J-45 inci 24.75 ne, na D-28 kuwa inci 25.4. Bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsa yana jin sa: gajeriyar tsirkiya ta fi laushin dannawa, muryarta a dunƙule take a tsakiya, tana barin fili ga muryar mawaƙi. Doguwar ta fi tsauri, ta fi ƙara, ta fi dogon amsa-kuwwa.

Gida na uku ɗan baya-bayan nan ne. A 1974 Bob Taylor, yana ɗan shekara 19, da abokinsa Kurt Listug suka kafa nasu kamfanin a kusa da San Diyego ta jihar Kalifoniya. Ba su da tsohon suna da za su jingina da shi, sai suka jingina da sauƙin kaɗawa. Suka sirantar da wuyan jita, suka ɗaura shi da kusoshi masu murɗawa maimakon gam domin gyara ya yi sauƙi, suka shigo da injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta domin kowace jita ta fito daidai da 'yar'uwarta. Muryar Taylor a washe take, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Masoya tsofaffin gidaje suna cewa ta cika kaifi, masoyanta kuwa suna cewa ita ce ta fi shiga makirfo lafiya.

To, ban da suna, mene ne yake sa tsada? Amsar da kowane mai shago zai ba ka ita ce itace. Fuska yawanci da sifurus ake yin ta, wani itacen ƙasashen sanyi mara nauyi mai ƙarfi. Baya da gefe kuwa, sarkinsu a da shi ne rozwud na Barazil. Sara ya ci dajinsa har Martin ya koma ga na Indiya a 1969, sannan a 1992 yarjejeniyar CITES ta duniya, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi a sahun farko na haramci. Mahogani na tsakiyar Amurka ya shiga takunkumi a 2003. Da haka idon maƙera ya juyo Afirka: ga mahoganin Afirka, ɗan'uwan maɗacinmu, ga kuma sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na kudancin Najeriya. A 2017 aka sa dukkan dangin rozwud ƙarƙashin takunkumi, tare da madobiyar da aka yi ta sarewa a Najeriya da Gana da maƙwabtansu ana lodawa zuwa ƙasar Sin don kujeru da gadaje. Kasuwar kayan ɗaki ce ta jawo dokar, amma ta shafi masu jita sosai, har sai da aka sassauta wa kayan kiɗa a 2019.

Dokar tana da haƙora. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka suka kai samame masana'antun Gibson a jihar Tenesi bisa dokar Lacey, wadda tun 2008 ta haramta shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'idar ƙasarsa ba. A 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000, ya kuma haƙura da katakon eboni na Madagaska da aka ƙwace.

Sai dai akwai tambayar da ta girmi duk waɗannan dokoki: shin kunne yana jin itacen bayan jita kuwa? A 1862 Antonio de Torres, maƙerin ƙasar Sifen da ake ɗauka a matsayin uban jitar zamani, ya ƙera wata jita mai kyakkyawar fuska, amma baya da gefenta na kwali ne, domin ya nuna inda amo yake fitowa. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor ya maimaita darasin da katakon dakalin ɗora kaya da aka tsinto a bayan masana'antarsa. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Lankasta ta Ingila suka wallafa sakamakon wani gwaji: maƙeri ɗaya ya yi jita shida iri ɗaya, bayansu kawai ya bambanta, daga rozwud na Barazil har zuwa sapele. Aka ba makaɗa 52 su kaɗa cikin ɗaki mai duhu-duhu, sanye da tabaron masu walda. Makin da suka ba jitocin ya yi kusan daidai, kuma da ƙyar aka iya bambance wata da wata. Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya taɓa jin abin da marigayi Ɗan Maraya Jos yake fitarwa daga kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya guda. Tarihi ma yana da nasa farashin: a 2020 an sayar da Martin D-18E ta mawaƙi Kurt Cobain a kan sama da dala miliyan shida, alhali makaɗa ba su taɓa lissafa ƙirarta cikin masu daɗin amo ba.

Yanzu mu dawo gida. Allon da yatsu suke dannawa a wuyan jita, da ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa a fuska, wanda masu goge suke kira jaki, suna buƙatar itace mai tauri da ba ya cinyewa. Eboni ne ya fi dacewa, baƙin itace ɗan dangin kanya, kuma Kamaru tana cikin 'yan wuraren da suka rage ana samun sa bisa doka. A 2011 kamfanin Taylor da wani kamfanin katako na Sifen mai suna Madinter suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde. A can Bob Taylor ya ji daga bakin masu sara abin da kasuwa ta daɗe ba ta tambaya ba. Ba a sanin launin cikin bishiya sai an kayar da ita. Masu saye baƙi wuluk suke so, mai ratsin ruwan ƙasa ba ya biyan wahalar fito da shi daga daji. Bisa abin da ya bayyana a 2012, bishiya goma ake kayarwa kafin a samu ɗaya mai baƙin da ake so, sauran tara a bar su su ruɓe a ƙasa. Ratsin ba ya rage tauri, ba ya taɓa amo. Ido ne kawai yake ƙin sa.

Taylor ya yanke shawarar sayen mai ratsin a farashin baƙin, ya kuma fara sa shi a jitocinsa masu tsada, har ratsin da ake gudu ya zama abin ado. A 2016 aka fara shirin dashen eboni tare da cibiyar binciken Congo Basin Institute da ke Yawunde, inda mazauna ƙauyukan kewayen gandun Dja, har da mutanen Baka, suke renon dashe tare da itatuwan marmari da za su amfana da su tun kafin eboni ya girma. Binciken ya kuma nuna cewa giwayen daji ne manyan masu watsa irin bishiyar, don haka inda aka ƙarar da giwa, ƙananan eboni sukan yi ƙaranci. Bishiya ce mai jinkirin girma, wanda ya dasa ta da wuya ya ga ranar sara. Ba a manta ba, kamfani ne mai neman riba, kuma shiri ɗaya ba zai ceci daji ba. Amma ya nuna cewa abin da mai saye yake sha'awa a Kalifoniya yana iya kayar da bishiya ko ya bar ta a tsaye a kudancin Kamaru.

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya hore maka, ko wani naka ya nemi shawararka, tarihin nan yana ba da ma'auni. Mai son kaurin murya da zai cika fili ya gwada D-28. Mawaƙin da yake son rakiya mai laushi ya gwada J-45. Mai kaɗawa da yatsu, mai son sauƙin wuya, ya gwada Taylor. Ya ba wani ya kaɗa masa su, shi kuma ya juya baya ya saurara, domin ido yakan riga kunne yanke hukunci. Ya tambayi asalin katakon da takardunsa, musamman in tsohuwa ce mai rozwud na Barazil, wadda ba ta tsallaka iyaka sai da izini. Kada ya raina sapele, kada ya ƙi eboni don ratsi.

Sannan ya tuna da inda zai ajiye ta. Waɗannan jitoci an ƙera su ne a ɗakunan da danshin iskarsu yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Iskar hunturu a Marwa, Garwa, Njamena ko Tamale tana sauka ƙasa da haka nesa, kuma katako zalla yana iya tsagewa cikin 'yan makonni in ba a ajiye jitar a akwatinta tare da ɗan soso mai danshi ba. A Duwala kuwa yawan danshi ne yake kumbura fuska ya ɗaga tsirkiya. Bishiyar da ta yi shekaru aru-aru tana girma kafin ta zama allon yatsu ta cancanci a kula da ita, ta kai ga jikoki.