Adireshin da Outlook ya ƙi mantawa

Masu kula da imel a ofisoshi sun san safiyar Litinin da ke biyo bayan ƙaura. An shafe Asabar da Lahadi ana kwashe akwatunan saƙonni daga tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba imel, zuwa sabuwa. An gwada, komai lafiya. Ma'aikata na zama kan kujerunsu sai wayar sashen kwamfuta ta fara ruri. Saƙon waje yana shigowa, na Gmail yana fita, amma akanta ya aika wa darakta takarda, ga ofisoshinsu ƙofa da ƙofa, ta dawo masa da wani dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX, wai babu mai wannan suna. Darakta ya ce an ɓata masa adireshi. Injiniya ya ce, “Ranka ya daɗe, ko harafi ɗaya ba a taɓa ba.” Kuma gaskiya ya faɗa.

Tushen rikicin ya girmi yawancin injiniyoyin da ke fama da shi yau. A 1984 hukumar CCITT da ke Geneva, mai tsara ƙa'idojin sadarwa tsakanin ƙasashe, ta fito da tsarin aika saƙo mai suna X.400, a 1988 ta biyo shi da X.500 na kundin sunaye. Adireshi a wannan tsari jerin gwano ne: ƙasa, ma'aikata, sashe, sannan sunan mutum. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tsarin masu intanet, SMTP, wanda Jon Postel ya rubuta a 1982 a Amurka, mai ɗan gajeren adireshi da alamar @. Gwamnatoci da kamfanonin waya sun ɗauka X.400 ne zai ci kasuwa. Mai sauƙin ne ya ci.

Sai dai Microsoft ta riga ta gina manhajarta ta sabar imel, Exchange na farko, na 1996, bisa wancan tsohon tsari. Da Exchange 2000 ya koma SMTP da Active Directory, ba a zubar da tsohon adireshin ba, an ajiye shi a wani gurbi mai suna legacyExchangeDN domin tsofaffin sabobi su ci gaba da fahimtar sababbi. Har yau kowane akwati yana da adireshi biyu, wanda ake bugawa a kati, da wannan ɓoyayyen mai farawa da /o= da sunan ma'aikata. Saƙon cikin gida da ɓoyayyen yake tafiya. Wanda ya taɓa leƙa shi zai ga wasu haruffa marasa kan gado, FYDIBOHF23SPDLT. Wasan magina Exchange 2007 ne, idan aka matsar da kowane harafi da lamba baya da taki ɗaya sai kirarin da suka yi wa manhajarsu ya fito.

Outlook kuwa, manhajar da ma'aikata ke buɗe imel da ita, yana da wata hidima da kowa ke so. Da ka buga harafi biyu ko uku sai ya cika maka sunan. Yana riƙe sunaye har 1,000, a da cikin wani ɗan fayil mai ƙarewa da NK2 a kan kwamfutar mutum, daga Outlook 2010 kuma cikin akwatin saƙonnin kansa. Abin da ya haddace game da abokin aiki shi ne ɓoyayyen adireshin. Idan ƙaura ta ƙirƙiri sabon akwati, sabon ɓoyayyen adireshi ke zuwa da shi, Outlook kuma ya ci gaba da yin kamar yaron aike da ya saba da tsohon gida: masu gida sun tashi, shi can yake kai saƙo kullum, ya dawo ya ce ba kowa.

Lokacin da ake gina waɗannan tsare-tsare a ƙasashen waje, ofisoshin Arewa na kan tafireta da akwatin gidan waya. An yi rajistar .ng a 1995, amma imel bai shiga hannun jama'a ba sai a shagunan intanet na Kano, Kaduna da Katsina, inda ake sayen awa a buɗe Yahoo ko Hotmail. Wayar salula ta zo a 2001, shekarar da aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA. NiRA mai kula da .ng ta biyo a 2005, Galaxy Backbone a 2006 domin haɗa ma'aikatun tarayya. Bankuna da kamfanonin sadarwa ne suka fara ajiye sabobinsu, da ɗaki mai sanyi da janareta, a nan ne kuma ƙarnin farko na masu wannan sana'a suka koyi aiki. Daga 2011, da Office 365 ya fito, aka shiga zamanin kwashe akwatuna zuwa rumbunan Microsoft. Ƙaura da kayan aikin kamfanin kansa takan ɗauko tsohon adireshin. Wadda ake yi cikin gaggawa, a juye saƙonni a fayil a buɗe sababbin akwatuna, ita ce ke haifar da Litinin ɗin nan.

Gyara iri biyu ne, kuma da shi ake gane gwani. Sabon shiga yakan bi tebur tebur yana goge sunayen da Outlook ya haddace. Yana aiki na ɗan lokaci, sai wani ya amsa saƙon bara ko ya gyara tsohuwar gayyatar taro, kuskuren ya dawo, domin waɗannan ma suna ɗauke da tsohon adireshin. Ga kuma fushin sakataren da aka share masa sunayen shekara goma, wanda bai taɓa rubuta su a ko'ina ba. Gwani yakan ɗauki saƙon da ya dawo, ya cire IMCEAEX da alamar @ da abin da ke bayanta, ya mai da kowane layin ƙasa zuwa /, ya sa sarari a gurbin +20, baka biyu a gurbin +28 da +29, ɗigo a gurbin +2E. Abin da ya fito shi ne tsohon adireshin, sai ya liƙa shi a sabon akwati da X500: a gabansa. Wanda ya fi shi gwaninta tun kafin a kashe tsohuwar saba ya kwafe na kowa da kowa da PowerShell, ranar Litinin wayarsa shiru.

A ƙasar Daura matsalar da wata fuska take zuwa. Sababbin makarantu irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura an kafa su a zamanin da ba dole a sayi saba ba. Ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta a Babban Mutum, can ƙaramar hukumar Baure kusa da iyakar Nijar, da waya yake tura rahotonsa Baure ko Katsina, Gmail kuma shi ma yana haddace duk wanda aka taɓa aika wa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatunta amfani da .gov.ng, amma adireshin Yahoo da ofis ya shekara yana bugawa a kan takardunsa yana nan a wayoyin mutane. Wannan ya fi na Exchange haɗari, tunda saƙon ba ya dawowa, yana shiga akwatin da ba mai buɗewa. Tun Janairun 2021 Yahoo ta daina tura saƙo kai tsaye zuwa wani adireshi ga masu akwatin kyauta, saboda haka ofishin da ya yi ƙaura sai ya sa amsa ta atomatik mai ɗauke da sabon adireshi, ya kuma ɗora wa wani ma'aikaci duba tsohon akwatin kowane mako.