Daga Whitworth Zuwa M8: Tarihin Tiredin Bol da Noti

Kafin shekarun 1840, kowace masana'anta a Ingila tana yanka tiredin bol da noti yadda ta ga dama. In noti ya ɓace daga inji, sai an koma wajen wanda ya ƙera shi, ko kuma a zauna a yanka sabo. A 1841 injiniya Joseph Whitworth na Manchester ya tattara samfura daga masana'antu da dama, ya fitar da ma'auni guda: kusurwar haƙoran tiredi digiri 55, kuma kowane kauri da adadin haƙoransa a inci ɗaya. Kamfanonin jiragen ƙasa suka rungume shi.

Amurka ba ta bi sahu ba. A 1864 William Sellers ya gabatar da nasa a Cibiyar Franklin da ke Filadalfiya, mai digiri 60, wanda ya fi sauƙin yankawa. Turawa masu awo da milimita kuma suka hallara a Zurich a 1898, suka amince da tsarinsu, shi ma digiri 60.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona illar wannan rarrabuwa. Da kamfanin Packard na Detroit ya karɓi aikin ƙera injin jirgin sama na Merlin, ƙirar Rolls-Royce, dole ya yi aiki da tiredin Ingila, wanda kayan yankan Amurka ba su dace da shi ba. A 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka haɗa tiredinsu na inci. Ita kuwa ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, da aka kafa a 1947, kwamitinta mai lamba 1 na tiredi ne.

Daga nan tsarin ISO na milimita, mai harafin M, ya mamaye duniya. M8×1.25 na nufin kaurin milimita 8, tazarar haƙori zuwa haƙori 1.25. M6 na tafiya da 1, M10 da 1.5, M12 da 1.75. Su ne ake samu a kusan kowane akwatin dayis da taf na yankan tiredi.

Sai dai kowace ƙasa ta bar sawunta. Faransawa sun daɗe suna amfani da M7, mai kan sifana 11, a motoci irin su Citroën da Peugeot, don haka tsofaffin kanikawan Kaduna, inda aka fara haɗa Peugeot a 1975, M7 ba baƙonsu ba ne. Japanawa sun fi son M10×1.25, kuma bol ɗinsu na M8 kansa 12 ne, na Turai kuwa 13. Filogin mota da yawa M14×1.25 ne. Sukurun da ke riƙe murfin soket irin na Birtaniya, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Gana, M3.5 ne, shi ya sa M4 ke ƙin shiga.

Matsalar tana fitowa ne wajen gyara. Bol mai tazarar 1.25 da mai 1.5 kusan ido ba ya bambanta su. In aka ɗora dayis ɗin 1.5 a kan na 1.25, zai kama da farko, sannan ya cinye haƙoran gaba ɗaya. Saboda haka ƙwararrun masu yankan ƙarfe ke fara gwada tazarar da ma'aunin haƙora, ko su jera bol biyu su ga ko haƙoransu sun shiga juna.