Littattafan Yara Kan Farkawar Ƙasa: Daga 'Ya'yan Saiwa Zuwa Fure Guda



A Turai akwai wani lokaci da ke biyo bayan hunturu, daga Maris zuwa Mayu. Ƙanƙara takan narke, itatuwa su yi toho, dabbobin da suka shafe watanni suna barci a rami su fito. Masu fassara sukan kira shi bazara, alhali bazararmu zafi ce da ƙishirwa da zaman jiran hadari. Wanda bai lura da wannan ba zai yi mamakin yadda Turawa suka cika littattafan yaransu da murnar "bazara".

Irin waɗannan littattafai sun bunƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Masana'antu sun janyo mutane birni, yara da yawa suna tasowa nesa da gona, ga kuma buga hoto mai launi ya yi sauƙi. Tun a 1840 wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna mai ma'anar lambun yara, domin a ganinsa yaro tsiro ne da ake raino. Daga nan zuwa zana yaro a siffar tsiro ba nisa.

A 1898 Ernst Kreidolf, ɗan Suwizalan, ya fitar da littafin da furanni ke da fuska da tufafi irin na mutane. Amma wanda ya fi shiga zukata shi ne Etwas von den Wurzelkindern na Sibylle von Olfers, wanda ya fito a Jamus a 1906. Sunan na nufin wani abu game da 'ya'yan saiwa. Yara ne ke barci a ƙarƙashin ƙasa tsakanin saiwoyi, sai wata tsohuwa, Uwar Ƙasa, ta tashe su. 'Yan matan suka zauna ɗinkin sababbin riguna masu launin furanni, mazan suka ɗauki buroshi suna goge ƙwari suna shafa musu fenti. Aka buɗe ƙofa suka fito a jere. Da iskar sanyi ta kaɗo, suka koma gida suka kwanta. Labarin ke nan, babu mugu, babu faɗa. Dabarar da na fi so a ciki ita ce ta kai yaro inda idonsa ba ya gani, ta nuna masa cewa ƙasar da yake ɗauka matacciya shiri take yi. Marubuciyar ta shiga ƙungiyar mata masu zuhudu ta Katolika, ta rasu a 1916 tana da shekara 34, amma har yau ana sake buga littafin.

Frances Hodgson Burnett ta ƙara wa abin nauyi a The Secret Garden, 1911. Mary marainiya ce da kwalara ta kashe iyayenta a Indiya, aka kai ta gidan wani danginta a arewacin Ingila. Ta gano lambun da aka kulle shekara goma. Yadda lambun ke farfaɗowa, haka ita da Colin, yaron gidan da ya haƙiƙance ba zai taɓa tafiya da ƙafarsa ba, suke farfaɗowa.

A ra'ayina wasu littattafan wancan zamani zaƙinsu ya yi yawa, kowane fure sai murmushi. Shi ya sa nake fifita The Happy Day na Ruth Krauss, wanda ya fito a Amurka a 1949 da zanen Marc Simont. Dabbobi sun farka cikin dusar ƙanƙara suna shinshina, suka ruga a guje, mai karatu bai san abin da suke bi ba. Hotunan duk baƙi da fari ne, sai a shafin ƙarshe aka ga fure guda, rawaya.

Mai son rubuta irin wannan da Hausa, lokacin da ya yi daidai da nasu a wurinmu shi ne ruwan farko: dawowar shamuwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗin da suka ɓoye tun rani suna ɓarkewa da kuka dare guda, shinge na zagaye fitila. Akwai ma gawo, wanda sai sauran itatuwa sun fara ganye shi kuma yake zubar da nasa.